Hattara da mai tallan jirgin haɗa-da-kanka a Kaduna

Jama'a, akwai wani mutum da ke yawo a Facebook da zaurukan WhatsApp na makanikai da ɗaliban injiniya a nan Kaduna, yana tallan ƙaramin jirgin sama mai kujera biyu, wai za a kawo maka shi a wargaje cikin akwatuna, kai kuma ka haɗa abinka a tsakar gida. Wani lokaci Kyaftin yake kiran kansa, wani lokaci Injiniya, ya danganta da wanda ya faɗo hannunsa. Kada wanda ya tura masa ko sisi. Ɗan ƙanwata mai walda a Tsohuwar Panteka da abokansa uku sun riga sun zuba masa kuɗi, har yau ko noti ɗaya bai iso ba. Ban sa sunansa a nan ba, saboda sunan da ke shafinsa daban, na asusun da aka tura wa kuɗi daban, kuma ina kyautata zaton dukansu na wasu bayin Allah ne da ba su ji ba, ba su gani ba.

Abin da ya sa damfarar take ci shi ne an gina ta a kan gaskiya. Haɗa jirgi a gida ba tatsuniya ba ce. A Amurka akwai kamfanin Van's Aircraft da ke jihar Oregon, wanda Richard VanGrunsven ya kafa a farkon shekarun 1970, jiragensa samfurin RV fiye da 10,000 ne mutane suka haɗa da hannunsu suka tashi. Akwai kuma Zenith a jihar Missouri, masu CH 701, ɗan jirgin nan da ke tashi a gajeren fili. Mu nan Kaduna ma muna da namu tarihin. Jirgin Air Beetle da sojojin sama suka yi shekaru suna koyon tuƙi da shi, daga RV-6A na Van's aka samo shi, kuma a garin nan kamfanin AIEP ya harhaɗa guda 60. Na farkonsu ya tashi a 1989. Duk wanda ya girma a wajejen Kawo da Mando ya san ƙugin ƙananan jiragen koyo a kan rufin gidansu. Daga ƙarshen 2016 ne aka fara kawo jiragen Super Mushshak daga Pakistan don aikin koyarwa.

To a nan mutumin ya kafa tarkonsa. Cewa yake akwai ragowar kayan Air Beetle da ba a taɓa buɗewa ba, an yi gwanjonsu a asirce, shi ya saye, an fitar da su waje don a ƙara musu sabon inji, yanzu kwantenar ta dawo tana Apapa. Jirgi ɗaya da injinsa da farfelarsa naira miliyan 7. In ba ka da hali ku haɗu mutum huɗu ku yi karo-karo, kowa ya zama mai jirgi. Kafin alƙalami kashi 30 cikin 100, saura sai kaya sun iso tashar tsandauri ta Kakuri. Ka ji yadda ya san garin: tashar nan gaskiya ce, an buɗe ta a Janairun 2018, don haka da ya ambace ta sai hankalin yaran ya kwanta.

Ni ba matuƙi ba ne. Harkar shigo da kayan gyaran injuna na daɗe ina yi, shi ya sa yaron ya kawo mini wayarsa, amma sai bayan an nemi kuɗi na uku. Ya ce, "Kawu, wallahi mutumin nan ya san jirgi, ka ji yadda yake bayani kuwa?" Na ce miƙo in gani. Hoton farko na wani jirgi ne rabi a haɗe cikin gareji, fiffikensa a saman ɗakin matuƙi, gangar jikinsa mai kusurwa huɗu kamar akwatin lefe. Wannan CH 701 ne. Air Beetle kuwa fiffikensa a ƙasa yake, matuƙi na zaune a samansa. Na ƙara girman hoton, sai ga soket ɗin bango mai ƙananan tsaga biyu irin na Amurka, ta taga kuma ana hango dusar ƙanƙara a kan wata mota. A hoto na biyu an goge lambar da ke jikin jirgin, amma harafin farko ya tsira, N ne. Jirgin da aka yi wa rajista a Najeriya da 5N lambarsa ke farawa, N tsura kuwa ta Amurka ce. Na ce masa, "Kai yaron nan, a wace Apapar ake dusar ƙanƙara?" Sai ya yi tsuru.

Sai maganar inji. A saƙon murya ya ce injin Rotax 912 ne mai ƙarfin doki 100, "irin na Air Beetle". Ƙarya ce. Air Beetle injin Lycoming yake ɗauka, mai ƙarfin doki 180. Rotax a ƙasar Austiriya ake ƙera shi, kuma sabonsa shi kaɗai, ba fiffike ba taya, ya haura dala 20,000. Ku buga da canjin yau ku gani ko miliyan 7 za ta sayi rabinsa. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Yadda ya tatse su ba sabon abu ba ne. Bayan kafin alƙalami sai ya ce kwastan sun riƙe kwantena, a kawo kuɗin fito. Aka tura. Sai kuɗin kwanan kwantena a tasha, wai kullum ƙaruwa yake, in ba a biya zuwa Juma'a ba gwamnati za ta yi gwanjon kayan, kuɗinsu na baya ya bi ruwa. Wannan barazanar ce ke sa mutum ya ci gaba da biya, don yana ganin ya riga ya yi nisa. Duk kuɗin kuma asusun mutum ɗaya suke shiga a wani bankin waya, ba asusun kamfani ba. Da na karɓi wayar na yi masa magana da kaina, na ce, "Ranka ya daɗe, a taimaka a turo lambar Form M ta izinin shigo da kayan, da takardar lodin jirgin ruwa mai lambar kwantena," sai ya ce yana cikin mitin da manyan hafsoshi. Kafin magariba ya toshe layin, ya yi layar zana.

Ga abin da nake so duk mai sha'awar wannan harka ya riƙe, don na san akwai su da yawa, daga Panteka har Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Kayan jirgi ba a sayensu da baki, komai da lambarsa. Kamfanin da ya ƙera kayan yana ba kowane mai saye lamba tasa, kuma yana da rajistar wanda ya saya. In wani ya ce zai sayar maka da na hannu, karɓi lambar, ka rubuta wa kamfanin da kanka ta adireshin da ke shafinsu, ba wanda dillali ya ba ka ba, ka tambaya ko suna da wannan lambar da sunan wannan mutumin. Inji ma yana da lamba a kan ɗan farantin da ke jikinsa, yana da littafin da ake rubuta awannin aikinsa da duk gyaran da aka yi masa. Injin Rotax ana yawan sace shi daga jikin jirage a Turai, har ana ajiye jerin lambobin waɗanda aka sace, don haka a duba. Lambar N kuwa kowa zai iya bincika ta kyauta a shafin hukumar jiragen saman Amurka, ya ga sunan mai jirgin. In ya ce yana da kamfani, shafin CAC yana nan. Kuma ka ce ya kira ka ta bidiyo yana tsaye kusa da kayan, ya nuna maka lambar da yatsansa. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan.

Wani abin kuma, kamfanonin gaskiya suna sayar da kayan kashi-kashi: wutsiya, sannan fukafukai, sannan gangar jiki, sannan kayan ƙarasawa. Yawancin masu haɗawa da wutsiya suke farawa, saboda ita ce mai araha, kuma a kanta mutum ke gane ko hannunsa zai iya. Mutuminmu cewa ya yi sati 6 an gama. Wanda ya haɗa RV zai faɗa maka aikin yana cin awa 1,500 zuwa 2,000, ana buga ƙusar ribit dubbai ɗaya bayan ɗaya, mutane da yawa shekaru suke yi a kai. Ko kamfanin gaskiya ma yana iya tuntuɓe: Van's ɗin nan a Disambar 2023 sai da ya nemi kotu ta ba shi kariya daga masu binsa bashi, masu oda suka ga an ƙara musu farashi. In haka ta faru da kamfanin da ya shekara 50, ina ga mai lambar waya kawai?

Amma wanda ya gudu da kuɗinka da sauƙi a kan wanda zai kawo maka kaya. Na ji ana cewa akwai masu haɗa tarkace, falankin alminiyon na kasuwa, kusoshin babur, injin da ya taɓa faɗuwa aka wanke aka fesa masa fenti. A ido duk ɗaya ne. Alminiyon na jirgi yana da lambarsa a buge a jiki, 2024-T3 ko 6061-T6, kusoshinsa kuma masu lambar AN ne, an san nauyin da kowanne ke ɗauka. Injin da farfelarsa ta taɓa dukan ƙasa dole a duba cikinsa kafin ya sake tashi, kuma ba za ka san ya taɓa ba sai a littafinsa. Mota in ta mutu sai ka gangara gefen titi. Ba raina masu fasaharmu nake ba. Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic a Kano, duniya ta ji labarinsa a 2007, kuma ya cancanci yabo. Sai dai shi ya san abin da ya sa a jikin jirginsa da iyakarsa, bai wuce 'yan ƙafafu daga ƙasa ba. Kai da aka kawo wa kaya a akwati ba ka san komai a kansu ba sai abin da takarda ta faɗa.

Ƙaryarsa ta ƙarshe ita ce wai ƙaramin jirgi ba ya buƙatar lasisi. Wannan ma tsinto ta ya yi daga wata dokar Amurka ta 1982, wadda ta shafi ɗan mitsitsin jirgi mai kujera ɗaya da nauyinsa bai kai kilo 115 ba. Nasa kujera biyu ne, ko a can bai shiga ciki ba, balle a nan da ba dokarsu muke bi ba. Rajistar jirgi da shaidar lafiyarsa da lasisin matuƙi duk a hannun hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, suke, ita za ka rubuta wa tun kafin ka sayi ko sufana. Ku kuma tuna garin da muke, ga sansanin sojin sama a Mando, ga NDA, ga halin tsaro. Ka tayar da abin da ba a san da shi ba a wannan sararin, sai dai 'yan uwa su bi ka da abinci. Mai son koyo da gaske, Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya tana nan tun 1964, cibiyar koyon fasaha ta sojojin sama, AFIT, kuma tana cikin gari.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada kunya ta sa ya yi shiru, kuma kada ya goge komai. A ajiye hirar da saƙonnin murya da rasit na kowane turi. A je banki da wuri a shigar da ƙorafi a rubuce, don wani lokaci ana iya riƙe asusun kafin a kwashe, sannan a kai takardar koke ofishin EFCC na shiyyar Kaduna ko wurin 'yan sanda. Yaranmu sun kai nasu tare, su huɗu a takarda ɗaya. In kuma wani ya kira ku ya ce shi jami'i ne, zai ƙwato muku kuɗinku amma sai kun ba da na mai, ku kashe wayar. Ɗaya daga cikin yaran an riga an kira shi da wannan maganar, kuma muryar ba ta yi masa baƙunta ba.