Idan Sashen Hoto Bai Samu Ba: Fatoloji Ko Likitancin Iyali?

Wani ƙanenmu ɗan Argungu da ke aji shida a makarantar likitanci ya jefo mana tambaya shekaranjiya. Ya ce: "Cif, ni dai raina na kan sashen hoto, amma gurbin kaɗan ne, masu nema kuwa ba iyaka. Idan bai samu ba, tsakanin fatoloji da likitancin iyali wanne zan ajiye na biyu?" Maganar horon ƙwarewa bayan gama makaranta yake yi, fatoloji kuwa shi ne gano cuta ta hanyar binciken nama da jini a ɗakin gwaji. Ya ƙara da cewa abin da ke burge shi a sashen hoto, wato fannin karanta hoton cikin jiki, shi ne zaman nan na ɗaki mai duhu, a ƙura wa hoto ido har a gano abin da ya ɓuya.

To ƙanena, ni ma sashen hoton na so. Sau biyu ina nema ban samu ba, yau ga ni likitan iyali, ban kuma yi da-na-sani ba. Tunda kai ɗan bakin gulbi ne, bari in auna maka su da cutar da ka sani tun kana yaro, wato tsargiya.

Yaro ɗan shekara goma, kullum yana cikin ruwa, ko wanka ko su ko fadamar shinkafa. Uwarsa ta lura ƙarshen fitsarinsa jini ne. Ni zai fara gani. In tambayi inda yake wanka, in sa a duba fitsari, in auna nauyinsa, in ba shi praziquantel miligiram 40 a kan kowane kilo, sha ɗaya. Sannan in ce wa uban ya kawo sauran yaran gidan, domin ruwan da ya ba wannan shi ya ba su. Aikin likitan iyali ke nan, kuma kafin azahar na ga irinsa da mai hawan jini da mai juna biyu da tsohuwar da ciwonta na gaskiya shi ne ɗanta bai kira ta ba wata uku.

Yanzu a ce ba wanda ya kawo yaron nan. Ya kai shekara arba'in da biyar, fitsarin jini ya dawo, wannan karon da gudaji. Likitan hoto zai ɗora masa na'urar sikanin, ya ga bangon mafitsara ya yi kauri, ga wani tsiro ya leƙo ciki, wataƙila ƙoda ta kumbura saboda hanyar fitsari ta toshe. Iyakarsa ya rubuta cewa abin ya yi kama da daji. Wanda zai yanke hukunci shi ne likitan fatoloji. A gutsuro naman, a jiƙa shi a fomalin, sinadarin da ke hana nama ruɓewa, a daskarar da shi cikin kaki, a yanka shi sirara ƙwarai, a rina shi shuɗi da ruwan hoda, a ɗora a gilashi. A ƙarƙashin madubi zai ga ƙwayayen tsargiyar nan masu tsini a gindi sun maƙale a cikin naman, a gefensu kuma ga ƙwayoyin daji. Sai ya sa hannu sannan likitan tiyata da na sashen gashin daji a Sakkwato za su san abin yi.

Ka ga ke nan, wajen yanayin aiki fatoloji ɗan'uwan sashen hoto ne na jini. Dukansu aikin ido ne da haƙuri, dukansu likitoci ne ke kawo maka tambaya, kai kuma ka amsa a rubuce. Kwanan aiki da sauƙi idan aka kwatanta da tiyata ko haihuwa. Likitancin iyali kuwa aikin baki ne da kunne, layi ba ya ƙarewa, kuma sau da yawa za ka yanke shawara ba tare da gwajin da kake so ba, don mara lafiyar ba shi da kuɗinsa.

Sai dai fatoloji ba abu ɗaya ba ne, gida ne mai ɗaki huɗu: nazarin nama da gawa, nazarin jini, nazarin sinadaran jiki, da nazarin ƙwayoyin cuta. Wanda na zayyana a sama na farkon ne. Idan kana gudun kada ka rabu da marasa lafiya gaba ɗaya, ɓangaren jini yana da asibitinsa, can ne masu sikila da dajin jini suke, kuma a ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke ɗauke da ƙwayar sikila ba za ka taɓa rasa aiki ba. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga ranar sauran biyun. Gubar dalma da ta kashe yara sama da 400 a 2010 a yankunan Anka da Bukkuyum, awon jini ne ya tona ta. Sanƙarau ɗin da ya ɓarke a ƙarshen 2016, ɗakin gwaji ne ya nuna nau'in C ne, wanda allurar da aka yi wa jama'a a baya, ta nau'in A, ba ta karewa daga gare shi.

Akwai ƙaya biyu da ba za a faɗa maka a aji ba. Ta farko binciken gawa. Mu mutane ne da ke gaggauta kai mamaci makwancinsa, dangi ba sa yarda a buɗe gawa sai idan maganar 'yan sanda ce, alhali horon yana buƙatar ka yi adadi. Shi ya sa wasu daga Arewa sukan je Kudu na ɗan lokaci don su cike. Ta biyu, likitan fatoloji ba ya aiki shi kaɗai, sai da na'urori da sinadarai da ma'aikatan ɗakin gwaji, kuma tsakanin ɓangarorin nan biyu an daɗe ana 'yar tsama a kan wa ke shugabantar wa. Wannan yana nufin aikinka zai tsaya a manyan asibitoci, irin na tarayya a Birnin Kebbi ko Gusau, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Likitan iyali kuwa ko a Zuru ko Yawuri ko Kamba aka ajiye shi zai yi aiki, kuma shi ya fi saurin buɗe asibitin kansa. In ya koyi sikanin, ya sayi ƙaramar na'ura, ya rage zafin rashin sashen hoto. Ni haka na yi, ko da yake ban taɓa ruɗin kaina cewa na zama likitan hoto ba.

Na san ƙarancin likitocin fatoloji a jikina. Lokacin da nake wani babban asibiti na ƙaramar hukuma, mun cire wa wata mata ƙullutu a nono. Aka zuba naman a kwalba, fomalin bai ko rufe shi ba, aka ba mijinta ya hau motar haya da shi. Ya kwana biyu a gida yana neman kuɗin mota. Bayan makonni amsa ta dawo cewa naman ya ruɓe, ba abin da za a iya karantawa. Laifinmu ne, ni da na sa hannu ban duba kwalbar ba. Matar ba ta sake dawowa ba.

Maganar na'ura mai ƙwaƙwalwa da ke tsorata wasunku, kada ta shiga lissafinka. Tun 2016 Geoffrey Hinton, masanin irin waɗannan na'urori, ya ce a daina horar da likitocin hoto, har yau nemansu ake yi. In ma barazanar gaskiya ce, fatoloji ba mafaka ba ce, shi ma hoto ne ake karantawa.

Wajen jarrabawa ka lura da kyau, nan ne aljihu ke kuka. Kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas tana da dukkan fannonin uku. A kwalejojin Afirka ta Yamma kuwa sashen hoto yana ƙarƙashin ta likitocin tiyata, fatoloji da likitancin iyali suna ƙarƙashin ɗayar, ta likitocin da ba na tiyata ba. Kowane fanni da jarrabawarsa ta share fage, wadda ka ci ta hoto ba za ta shigar da kai fatoloji ba. Kafin ka nemi gurbi a kowane asibiti, tambayi ko shi wannan sashen yana da amincewar kwaleji a wannan shekarar, ba asibitin kawai ba.

Da ka ce min kana son sashen hoto ne don ka buɗe wurin sikanin a garinku, da na ce biyo ni. Amma kai ɗakin duhu ka ambata, da gano abin da ya ɓuya. Don haka fatoloji na zaɓar maka, ɓangaren nama. Kafin ka biya kuɗin jarrabawa, idan ka samu hutu a shekararka ta sanin makamar aiki, ka roƙi izini ka yi mako biyu a ɗakin yankan nama, ka tsaya kusa da tebur lokacin da ake buɗe kwalabe. Warin fomalin yana sa ido hawaye, akwai waɗanda a kwana na uku suke sabawa, akwai kuma waɗanda ba su ƙara taka ƙofar ba.