Bushin foliyuretan a tirelar zango: ƙara ta tafi, amma noti ɗaya ya ɓata min rai

Tirelata mai taya biyu ce, mai sifirin ganye, irin wadda ake ja zuwa daji a kwana a ciki. Tun bara take wani ƙwal-ƙwal duk sanda na shiga gargada, tayar hagu kuma tana cinyewa ta gefe ɗaya. Da na ɗaga ta a jak na sa ƙarfe na taɓa sifirin, sai ga shi yana wasa. Bushin nailan da ta zo da su, wato 'yan bututun da ke shiga tsakanin noti da ramin ƙarshen sifirin, sun ƙare ƙurmus, har noti ya fara cin idon sifirin.

Na yi odar saitin bushi na foliyuretan, wani irin filastik mai ƙwari, mai notuna 6 masu ramin giris. Gaskiya sakawar ta ba ni mamaki. Kowane bushi rabi biyu ne, da hannu na tura su, ko guduma ban ɗauka ba. Fitar da tsofaffin ne ya ci min wuni, saboda tsatsa. Na sauke tirelar ta zauna kan tayoyinta kafin na ƙarasa ɗaure notunan. Fitar farko shiru kake ji, tana bin mota ɗoɗar. A ranar da an tambaye ni, tauraro 5 zan ba su ba tare da tunani ba.

To amma a tafiya ta biyu, bayan wajen kilomita 300 na jar ƙura, sai wani ƙiii ya taso daga bayan dama. Foliyuretan ba kamar roba ba ne, a kan notin yake juyawa, in ya bushe dole ya yi kuka. Na sa bindigar giris, biyar suka sha har ya ɓullo ta gefe, na shidan ya ƙi. Na matsa, na matsa, giris na dawo min kan yatsu. Da na kwance na haska da tocila, ashe ba a huda ƙaramin ramin jikin notin da ke kai giris tsakiyar bushin ba! Notin ya yi ƙyalli saboda guga, cikin bushin ya cika da gari kamar an kankare shi. Sabon abu, wata ɗaya bai yi ba.

Abin da ya fi ƙona min rai, na aika wa mai sayarwa hoto, ya ce wai ban sa giris ba ne. Ta ina zai shiga? Sai da na sake tura bidiyo kafin ya aiko noti ɗaya, bushin da ya lalace kuwa da kuɗina na saya.

Sauran biyar ɗin har yau lafiya lau, sabuwar tayar da na saka ma daidai take ci. Tauraro 3 na bayar. In za ka saya, ka matsa giris a kowane noti a hannunka, ka ga ya fito ta gefe, kafin ka saka shi.