Tsinken gwajin furotin a fitsari: shekara biyu ina amfani da shi a kan ɗana

Ɗana yana da shekara 4 lokacin da ya fara tashi da safe idanunsa a kumbure. Na ɗauka yawan barci ne, domin kafin rana ta yi tsaka kumburin ya saɓe. Mako bai zagayo ba takalminsa ya ƙi shiga, cikinsa ya cika tim, fitsarinsa yana kumfa kamar an kaɗa sabulu. A asibiti likitar yara ta ce ciwon nefrotik ne. Matatar ƙoda ce ke yoyo, furotin ɗin da ake kira albumin yana zubewa ta fitsari. Shi ne kuwa ke riƙe ruwa a cikin jijiyoyin jini, don haka da ya yi ƙasa sai ruwan ya fita ya taru a fuska da ƙafafu da ciki.

Ranar da aka sallame mu, nas ta miƙo mini wata 'yar roba mai murfi ta ce, "Mama, wannan ce idonki a gida." A kanta nake son yin magana, don iyayen da aka ba su irinta suka rasa inda za su kama.

Siraran tsinkaye ne na roba, kowanne da ɗan murabba'in takarda ruwan ɗorawa a bakinsa. Ana tarar fitsarin farko na safe a kofi mai tsabta, a tsoma, a cire nan take, a goge ragowar a bakin kofin, a jira minti ɗaya, sannan a kara da launukan da ke jikin robar. Idan ya zauna ruwan ɗorawa, babu furotin. Daga nan sai ɗan alama, sai 1+, 2+, 3+, har 4+, launin yana tafiya daga kore mai haske zuwa kore mai duhu da ya karkata ga shuɗi. Na gwada iri biyu. Akwai mai murabba'i goma da ke auna har da sukari da jini, akwai kuma mai auna furotin kaɗai. Na biyun na fi so nesa ba kusa ba. Mai goman yana rikita ido, kuma yana tayar wa uwa hankali a kan abin da ba a tambaye ta ba.

Amfaninsa na fara gani tun a maganin farko. An ɗora yaron a kan ƙwayar maganin da ake kira firednisolon, miligiram 2 a kowane kilo na nauyinsa kullum har mako 6, sannan aka rage aka koma shan rana ɗaya a tsallake ɗaya na wasu mako 6. Kwana takwas tsinken yana fitowa kore mai duhu. A rana ta tara na tsaya bakin taga ina kallo, minti ya cika, launin bai motsa ba. Na sake tsoma wani don ban yarda ba. Baban yaran ya shigo ya same ni zaune riƙe da tsinkaye biyu ina hawaye. Likita ta ce sai an jera kwana 3 babu furotin ko ɗan alama kawai kafin a ce ciwon ya lafa, kuma haka aka yi. Ta kuma gaya mana cewa akasarin yara masu wannan ciwo suna jin wannan magani. Wanda ya yi mako 4 bai ji ba, shi ake yawan ɗebo ɗan tsokar ƙodarsa a duba, a koma ga wasu magunguna irin su takrolimus ko saiklosforin.

Sai dai ciwon mai dawowa ne, kuma a nan ne tsinken ya biya ni wahalata. Sau uku ya dawo mana cikin shekara ɗaya, biyu daga ciki bayan mura. Duk ukun a jikin tsinke na fara gani, kafin ido ko ƙafa su kumbura. Ƙa'idar da aka ba mu ita ce 3+ kwana 3 a jere, sai in kira asibiti. Saboda haka ba mu sake kwanciya a asibiti ba, ba a sake ba shi maganin fitar da ruwa ko ƙarin albumin ta jijiya ba. Littafin da nake rubuta sakamakon kowace safiya, da nauyinsa da adadin ƙwayar da ya sha, shi likita ta duba ta ce firednisolon ya fara yi masa yawa. Ni ma na gani: kumatu sun cika, ci ba ƙoshi, fushi ba dalili, ga awon hawan jini da na tsawo a kowane zuwa. Ta zayyana mana sauran magungunan da ake da su, lebamisol, maikofenolet, saiklofosfamaid, har da ritukzimab da ake ɗaurawa ta jijiya idan abin ya yi taurin kai. Muka fara da lebamisol, tare da gwajin fararen ƙwayoyin jini lokaci-lokaci.

Ba zan ɓoye aibin tsinken ba. Tsakanin ɗan alama da 1+ bambancin launin siriri ne ƙwarai, a hasken ƙwan lantarki ma kusan ɗaya suke, shi ya sa nake karantawa a hasken rana. Danshi yana kashe shi. Sau ɗaya na manta murfin a buɗe a banɗaki, washegari tsinkayen duk sun sauya launi tun kafin su taɓa fitsari, dole na zubar. Yanzu a ɗaki nake ajiye robar, ba na cire ɗan ƙunshin tsotse danshi da ke ciki, kuma ina duba ranar ƙarewar wa'adi. Idan aka wuce minti ɗaya launin yana iya ƙara duhu ya ba da tsoron banza. Fitsarin da ya tsinke saboda yawan shan ruwa kuma yana iya nuna ƙasa da gaskiya.

Akwai abin da ba ya gani sam. Ba ya ganin zazzaɓi, ko ciwon ciki mai tsanani, ko ƙafa ɗaya da ta kumbura tana zafi, alhali waɗannan yara suna cikin haɗarin kamuwa da ƙwayoyin cuta da daskarewar jini. Duk wannan asibiti ne kai tsaye, ko tsinken ya nuna mene ne. Haka idan yaro yana kan magani ya yi cuɗanya da mai ƙarambau. Kuma ina roƙon kowace uwa, kada ganin kore ya sa ki ƙara ƙwaya da kanki, kada ganin ruwan ɗorawa ya sa ki yanke ta rana ɗaya. Firednisolon a hankali ake janye shi, bisa umarnin likita.

Yau wata bakwai ke nan ba mu ga 3+ ba. Gishiri kaɗan nake sa masa har yanzu. Shi da kansa yake ɗauko kofin da safe, ya tsaya kusa da ni yana ƙirga sittin da ƙarfi, sannan ya ce, "Umma, rubuta babu."