Sharhi kan hidimar wani ofishin ba da shawarar kasuwancin ƙetare a Kano

Na shafe shekaru ina loda busasshiyar citta da zoɓo daga kasuwar Dawanau zuwa Kumasi, kuma a tsawon wannan lokaci abin da na riƙe shi ne cewa yarjejeniyar ECOWAS ta buɗe iyakoki ga amfanin gona, saboda haka duk jami'in da ya tsayar da motata zalunci kawai yake yi. Da wannan fahimta na shiga wani ofishin lauyoyi da ke ba 'yan kasuwa shawara a Kano, bayan da kayana suka kwana huɗu a iyakar Aflao, tsakanin Togo da Gana, saboda rashin takardar lafiyar tsirrai.

Lauyan da ya karɓe ni bai goyi bayan ƙorafina ba, kuma wannan shi ne abu na farko da ya sa na amince da shi. Ya ɗauko yarjejeniyar da aka yi wa kwaskwarima a Kwatano a 1993, ya buɗe sashe na 41, ya bi shi da yatsa yana fassara mini. Sashen ya nemi ƙasashe su janye takunkumi a kan kayan junansu, amma ya bar wa kowace ƙasa ƙofar hana shigowar kaya, bayan ta sanar da sauran, idan lamarin ya shafi tsaro, ko makamai, ko lafiyar mutane da dabbobi da tsirrai, ko tarbiyyar jama'a, ko zinariya da duwatsu masu daraja, ko kayan tarihi, ko miyagun ƙwayoyi da sharar guba. "Alhaji," in ji shi, "an yafe wa cittarka kuɗin fito, amma ba a yafe mata binciken ƙwari ba." Ya bayyana cewa amfanin gona da ba a sarrafa ba ba ya buƙatar takardar shaidar asali, amma wannan sassauci bai shafi takardar da hukumar NAQS mai binciken lafiyar amfanin gona a Nijeriya ke bayarwa ba, wadda ita ce na yi sakaci da ita.

Na fi jin daɗin gaskiyarsa a lokacin da na tayar da batun rufe iyakokin Nijeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bai kare gwamnati ba, bai kuma zage ta ba. Ya ce hujjar tsaro da fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai tana da madogara a rubuce, amma toshe hanya ga kowane irin kaya na halas, har da na ɗan kasuwar da ke da cikakkun takardu, ya zarce abin da sassaucin ya nufa, domin uzuri na doka ya kamata ya tsaya daidai girman matsalar da aka kafa shi a kanta. Ya kwatanta da Tarayyar Turai, inda kotu ke tilasta wa ƙasa ta nuna cewa haramcin nata ba kariya ce a ɓoye ga masana'antunta ba.

Sai dai hidimar tana da naƙasu. Rahoton da suka ba ni da Turanci yake zalla, alhali bayanin baki da Hausa aka yi shi, kuma direbana da yaron mota, waɗanda su ne ke tsayawa gaban jami'ai, ba za su amfana da shi ba. Sun ɗauki mako biyu kafin su miƙo shafi shida. Sannan iliminsu ya fi ƙarfi a ɓangaren Nijeriya da Gana. Da na tambayi takardun da ake nema a Benin da Togo, waɗanda dole motata ta ratsa su, sai aka ce in nemi wakili a Seme, iyakar Nijeriya da Benin. Game da Nijar kuwa, wadda ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, amsar da na samu ba ta wuce abin da nake ji a rediyo ba.

Kuɗinsu ya yi wa ƙaramin ɗan kasuwa nauyi, ko da yake bai kai asarar kwana huɗun da na yi a Aflao ba. Lodin da na yi bayan haka ya tafi da takardar lafiyar tsirrai a aljihun direba, kuma jami'in da ya duba ta ya buga hatiminsa kafin la'asar.