Kafin ka sayi kyamara mai Wi-Fi a Abuja, duba ƙofar da take buɗewa

Mai zuwa Banex a Wuse 2 neman kyamara yakan tambayi girman lens, yawan megafiksel da ƙarfin batir. Da wuya ka ji ya tambayi yadda kyamarar ke tura hoto zuwa waya, alhali nan ne amanar mutane take. Wanda ya ɗauki hoton kamu ko sa lalle ya san akwai hotunan amarya da ƙawayenta da ko ɗan'uwa ba a yarda ya gani ba.

Zaɓin da ke gabanka a shago kusan iri uku ne ta wannan fuska.

Na farko tsofaffin da ke da Wi-Fi kaɗai, su ne suka fi yawa cikin na hannu, kuma su ne suka fi araha. Nan ake bukatar natsuwa. Nikon D750 da ta fito a 2014, kyamara ce mai kyau har gobe, amma Wi-Fi ɗinta a buɗe yake daga kamfani, sai mai ita ya sa kalmar sirri da kansa. In bai sa ba, wanda ke zaune kusa a zauren biki, da manhajar Nikon a wayarsa, zai iya shiga ya kwashi hotuna. A 2019 kuma masu bincike na kamfanin tsaron intanet Check Point sun nuna yadda za a bi ta Wi-Fi a kulle hotunan da ke cikin Canon EOS 80D a nemi kuɗin fansa. Canon ta fitar da gyara, to amma gyaran ba ya shiga da kansa. Kyamarar da ta wuce hannu uku kafin ta iso Abuja, wa ya tabbatar an sabunta manhajar cikinta?

Ban ce kada a saya ba. Ka ce wa mai shago, "Alhaji, a kunna min in duba." Shiga saitin sadarwa, ka ga ko tana da makullin Wi-Fi mai suna WPA2 kuma tana barin ka canza kalmar sirri. In WEP kawai ka gani, ka ɗauka ba ta da Wi-Fi, domin an daɗe da fasa wannan makulli. Duba lambar manhajar cikinta ka gwada da ta shafin kamfanin, sannan ka goge duk saitin tsohon mai ita.

Na biyu sababbi masu haɗa Bluetooth da Wi-Fi, waɗanda ke aiki da manhajar waya irin SnapBridge na Nikon, Camera Connect na Canon ko Creators' App na Sony. Sun fi tsaro, don wayar da ka haɗa tun farko kyamara ke ganewa, wasunsu ma suna da WPA3, makullin da ya gaji WPA2, da aka ƙaddamar a 2018. Sai dai wayar kan iya liƙa wa kowane hoto wurin da aka ɗauke shi. Ka yi hoton suna a wani gida a Gwarimpa, ka tura asalin fayil ɗin, ka ba da adireshin gidan ke nan ba da saninka ba. Ana kashe wannan a manhajar, kuma ya kamata a kashe.

Ko wacce ka ɗauka, ka haɗa ta kai tsaye da wayarka. Kada ka jona ta a Wi-Fi na otal ko na zauren taro, inda ba ka san su wa ke ciki ba. Ɗan jarida mai tura hoto ofis daga fili ya nemi wadda ke da FTPS ko SFTP, hanyoyin tura fayil a kulle, saboda tsohuwar hanyar, FTP zalla, a fili take aika kalmar sirri.

Na uku shi ne wanda nake ba masu hoton biki shawara a kai: kowace kyamara ce, a kashe mata sadarwa, a sayi ƙaramar na'urar karanta katin ajiyar hotuna mai shiga bakin waya. Ta fi Wi-Fi sauri, ba ta shan batirin kyamara, kuma ba abin da ke yawo a iska. Kuɗinta bai kai na batir guda ba.

Tun Yunin 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a, kuma hoton da ake gane mutum a ciki bayaninsa ne. In kuɗinka na tsohuwa ne, saye ta ka ƙara na'urar karanta kati. In kana bukatar tura hoto nan take, ka ƙara haƙuri ka tara na wadda kamfaninta ke fitar mata da gyara har yanzu.