Dashen hanta da na hanji ga yara: me ya bambanta su?

Hajiya, kin tambaya me ya sa likitoci ke maganar dashen hanta ga yaro da ƙwarin gwiwa, amma da an zo kan hanji sai su ja da baya, alhali duka dashe ne. Bambancin yana cikin halin kayan cikin biyu.

Hanta mai haƙuri ce. Ana yanko ɗan ɓangaren hagu na hantar uwa ko uba a dasa wa jariri. Ta mai bayarwa ta sake cikowa, dashen kuma ya girma tare da yaron. A 1989 aka fara cin nasarar haka a Brisbane ta Ostareliya, inda uwa ta ba ɗanta. Cutar da ta fi kai yara ga wannan dashe ita ce toshewar hanyar madaciya tun suna jarirai: shawara ta wuce mako biyu ba ta tafi ba, fitsari ya yi duhu, kashi ya koma fari-fari. A manyan cibiyoyi yanzu, sama da 90 cikin 100 na raye bayan shekara guda, sama da 80 bayan shekara 5, kuma yawancinsu makaranta suke zuwa kamar sa'anninsu.

Hanji kuwa sai a hankali. Yana zuwa cike da ƙwayoyin garkuwar jikin mai shi, ga ƙwayoyin cuta da ke zaune a cikinsa, don haka jikin yaro kan yi ta ƙin sa. Dole a danne garkuwa da magani mai ƙarfi, wannan kuma shi ke buɗe ƙofa ga cututtuka da wata kansar jini mai alaƙa da ƙwayar Epstein-Barr. Aikin bai kankama ba sai da maganin danne garkuwa mai suna tacrolimus ya shigo wajen 1990 a Pittsburgh ta Amurka. Galibi daga mamaci ake samun hanjin, kuma akan fito da bakinsa ta fatar ciki na wani lokaci don a riƙa leƙawa ana ɗaukar samfuri. Kusan 60 cikin 100 ke kai shekara 5. Wallahi wannan adadi yana da nauyi a zuciya.

Wani lokaci ana haɗa su biyun, idan abincin da ake ba yaro mai gajeren hanji ta jijiya ya daɗe har ya lalata hanta. A nan hantar da aka dasa kan rage yadda jikin yaron ke ƙin sabon hanjin. Amma yawan dashen hanji ya ragu, domin an ƙware wajen lallaɓa guntun da ya rage har ya karɓi abinci. A 2019 ma Amurka ta amince a ba yara maganin teduglutide saboda haka. Jan ƙafar likitocin, a ganina, daidai ne.

Idan jariri mai toshewar hanyar madaciya kike tambaya a kai, Hajiya, tiyatar Kasai ake fara yi, wato a buɗe wa madaciyar hanya daga hanta zuwa hanji, kuma ta fi amfani kafin ya cika kwana 60. In kuma ta kai ga tafiya Indiya don dashen hanta, ki tambaya tun kafin ku tashi inda za a riƙa auna masa tacrolimus a jini bayan kun dawo.