Mashin mai caji a Sakkwato: ya yi mini, amma 'yan kabu-kabu na da hujjarsu

Tsadar mai ce ta kai ni ga mashin mai caji, ba son sabon abu ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce dubu. Ni ma'aikaci ne, gidana a Arkilla, kullum sai na shiga cikin gari, in kai yara makaranta, in biya kasuwa kafin in koma. Da na ga kuɗin mai na neman cinye na cefane, sai na sayar da Boxer ɗina na cika kuɗi na ɗauko na lantarki ƙirar Sin a hannun wani dila. Na hau shi cikin zafin bazara, na hau shi da damina, don haka ina ganin zan iya faɗin wani abu a kansa.

Ta fuskar aljihu, babu abin da zan ce sai godiya. Batirin nawa na litiyam ne, bolt 72, kuma cika shi daga ƙasa bai wuce yunit uku na mita ba. Ko da farashin da aka ɗora wa masu layin Band A, waɗanda suka fi samun wuta, a Afrilun 2024, wato naira 225 kowane yunit, kuɗin bai kai na lita ɗaya ba, alhali tafiyar da yake yi mini ta fi ta lita ɗaya. Na manta da juyen baƙin mai, na manta da fulogi da wankin kafireta da ɗaurin sarƙa. Babu giya, babu kuloci, ka murɗa totur kawai ya ɗauka. Tashinsa na farko ma yana da ƙarfi, har sai mutum ya koya wa hannunsa sassauci, musamman in akwai yaro a baya.

Nisan da dila ya faɗa mini kuwa, wato kilomita 100 a caji ɗaya, ban taɓa ganinsa ba. Ni kaɗai a kan kwalta, da tafiyar hankali, yana kusantar haka. Da goyo, ko an shiga yashi irin na lungunan Mabera, sai ka ga layukan batir suna zubewa tun ba a je ko'ina ba. Duk mai shirin saye ya ɗebe kashi ɗaya cikin uku na abin da aka rubuta a takarda, ya yi lissafinsa da sauran.

Zafin garin nan ma yana da nasa. A watan Afrilu, lokacin da ake haura digiri 40, in na dawo da azahar na jona shi, sai ya ƙi karɓar caji har sai batirin ya huce. Wannan ba lalacewa ba ce, akwai na'urar da ke cikin batirin da ke yanke wuta don kada ya yi zafin da zai illata shi. Yanzu a inuwa nake ajiye shi, caji kuma sai dare, a tsakar gida ba cikin ɗaki ba, kuma da cajarsa ta asali kawai. Batirin litiyam in ya kama wuta ba a kashe shi da sauƙi, shi ya sa ban yarda da cajar aro ba.

Shirunsa abin sha'awa ne da asuba, amma a cikin kasuwa haɗari ne. Mutanenmu da kunne suke tsallaka titi. Tsofaffi da yara da awaki duk ba sa jin zuwanka, dole yatsa ya zauna a kan oda.

Inda na fi shan wahala shi ne gyara. Injinsa a cikin cibiyar tayar baya yake, da waya mai kauri da ta shiga ciki. Ranar da ƙusa ta huda tayar, mai faci ya duba ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, in na kwance wannan na tsinka wayar ba ni da abin biyanka." Ban ga laifinsa ba. Wani abin da ke raba wuta tsakanin batir da inji ya taɓa ƙonewa bayan ruwan sama mai yawa, dilan ya ce babu shi a shago, sai an aiko daga Legas. Mashin ya yi makonni a jingine. Da Boxer ne, kowane bakanike a bakin hanya zai tashe shi kafin la'asar, kayan kuma ga su nan a kasuwa, sabo da na hannu.

Wannan ya kawo ni ga 'yan kabu-kabu, domin su ne za su yanke hukuncin ko mashin ɗin nan zai zauna a garin nan ko a'a. Duk inda na tsaya sai sun kewaye ni, suna tambaya, wasu na karɓa su zaga. Suna son sa, ba ƙiyayya ba ce. Ƙanena da ke wannan sana'ar ya karɓa ya yi yini da shi, da yamma ya dawo mini da makulli ya ce, "Yaya, mashin ya yi daɗi, amma ni awa biyar ɗin da zan zauna jiran caji wa zai biya mini balas ɗinta?" Maganar ke nan gaba ɗaya. Mai haya yana tafiya ninkin tawa sau da yawa a yini, ga goyon mutum biyu, ga buhu, ga wanda zai ce a kai shi Wamakko ko mazaunin jami'a na Dundaye. In mai ya ƙare masa, ɗan bumburutu na nan a kowace kwana. In caji ya ƙare, sai turi.

Akwai kuma abin da masu tallar waɗannan mashina ba sa lura da shi. A wajen talaka mashin ajiya ne, kamar saniya a turke. In rashin lafiya ta taso ko aure ya matso, yau ka kai Boxer kasuwa, yau ka dawo da kuɗi. Na lantarki kuwa mai saye zai fara tambayar sauran kwanan batir, ba wanda zai iya nuna masa, kuma batirin shi ne kaso mafi tsada a jikin mashin ɗin. Wanda ya tara kuɗinsa da adashi ba zai zuba su inda bai san yadda zai fitar ba.

Inda abin ya karɓu a Afirka, ba da caji a gida ya karɓu ba. A Kigali, babban birnin Ruwanda, kamfanin Ampersand ya kafa tashoshin musanya, ɗan haya ya miƙa batirin da ya ƙare, a ba shi cikakke cikin 'yan mintuna, ya biya kuɗin wuta ya wuce. Har gwamnatin Ruwanda ta daina yi wa sababbin mashinan haya masu shan mai rajista a birnin daga Janairun 2025. Kamfanin Spiro ma haka yake yi a Kwatano da Lome, kuma ya shigo Nijeriya ta Abeokuta a 2024. A wannan tsarin batir na kamfani ne, tsufansa ba ciwon kan mahayi ba ne. Da za a samu irin waɗannan tashoshi a Sakkwato, masu aiki da sola, ina da yaƙinin ƙanena zai kasance cikin na farko a layi.

Na ce da sola ne saboda abin da muka gani a Oktoban 2024, lokacin da jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu. A gidan wani abokina mai sola da inbata na riƙa yin caji, ba don shi ba da mashin ɗin ya zauna. Saboda haka wanda unguwarsu ba ta samun wuta sosai, kuma ba shi da sola, ban ba shi shawarar saye ba tukuna. Wanda zirga-zirgarsa ta cikin gari ce kamar tawa, ya saya, amma kafin ya ƙirga kuɗi ya tabbatar batirin litiyam ne ba na dalma ba, ya sa a rubuta masa garantin batir a takarda, kuma ya ce dila ya nuna masa kayan gyara a kan kanta da bakaniken da ya koyi aikin.